Daga Zaure Zuwa Ɗakin Haya: Tarihin Masaukin Ɗalibai a Zariya

Zariya ta daɗe tana saukar baƙon da karatu ya kawo. Tun kafin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, samari ke ɗauko buzu da gafaka daga Kano da Katsina da Bauci da ƙasar Nufe, su nufo unguwannin malamai irin su Kona da Juma don su karanci nahawu da fiƙihu. Kowannensu, ranar da ya iso, sai ya fara neman inda zai shimfiɗa haƙarƙarinsa kafin ya buɗe littafi. Kusan babu wanda ke samun ɗaki shi kaɗai. Da wani za a haɗa shi, sau da yawa wanda bai taɓa gani ba. Nauyin da ke kan irin wannan baƙo bai sauya sosai ba daga wancan zamani zuwa yau: shara, ruwa, tsare kayan mai gida, kiyaye haƙƙin abokin kwana da na maƙwabci. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wanda ke tsaye a kansa don ya ga ya sauke nauyin.

A tsohon tsari, ɗalibi ba ya biyan ko anini. Malaminsa ne zai sama masa wuri, ko a zauren gidansa, ko a soron wani attajiri na unguwa, ko wani shago da ke jingine da katangar gida ta waje. Mai gida yana bayarwa don neman lada, kuma a ce gidan wane akwai almajirai abin alfahari ne. Amma kyautar tana tafe da sharuɗɗan da kowa ya sani ko da ba a faɗa ba. Kafin gari ya waye an share zaure da ƙofar gida, an naɗe tabarmi an jingine, domin nan ne mai gida zai zauna ya karɓi gaisuwa, nan ne za a ɗaura aure ko a raɗa suna. An cika randa da butoci. Wanda ya girma a cikin ɗaliban shi ke raba aiki: wane ɗebo ruwa, wane wanke kwanuka, wane samo kara ko itacen da za a hura don karatun dare. Idan damina ta faɗi, gonar malam tana jiran kowa. Ɗalibin da ya yi nisa a karatu yakan biya wa yaran gidan allo, ko ya ja salla idan liman ba ya nan.

Babbar doka ita ce ta iyaka. Ginin gidan Bahaushe da kansa yana faɗa wa baƙo inda zai tsaya: zaure, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida inda mata suke. Baligi ba ya ƙetare shigifa. Yaro ƙarami ake aika ya karɓo tuwo ya mayar da kwano, kuma ɗalibin da aka ga yana leƙe ko yana tsayar da 'yan matan gida da zance, zamansa ya ƙare. Ba mai gida ne zai yi masa magana ba. Malaminsa zai aika wa, malam kuma ya kira shi ya ce ya ɗauki buzunsa. Korar tana da zafi saboda labari yana rigan mutum isa zauren gaba, kuma malamin da ya tsaya wa ɗalibi shi ne ya ji kunya.

Kada a ɗauka zaman daɗi ne zalla. Akwai cunkoso, akwai kuɗin cizo da ƙazuwa, akwai yunwa, kuma ƙananan yara, kolo da titibiri, sun sha wuya a hannun gardawan da ba su da tausayi. Wanda aka zalunta a zaure ba shi da wurin kai ƙara sai wajen malam, idan malam bai saurara ba shi ke nan. Duk da haka tsarin yana da abu guda mai ƙarfi: babu ɗalibin da ke kwana a unguwa ba tare da wani dattijo ya san sunansa da na mahaifinsa da garinsu ba.

A cikin waɗannan zauruka ne kuma ake karanta hukuncin haya, a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Fiƙihun Malikiyya ya ɗauki ɗan haya a matsayin wanda aka ba amana: abin da ya lalace a hannunsa ba tare da sakaci ko wuce iyaka ba, ba shi da ramuwa, abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci, shi zai biya. Dole ne kuma a san kuɗin, a san wa'adin, tun wajen ƙulla yarjejeniya. Ɗaliban da suka haddace waɗannan babuka yawancinsu ba su taɓa kama hayar ɗaki ba, domin a birni ba a saba sayar wa mai neman ilimi wurin kwana ba. Ko fatake ma wajen fatoma suke sauka, shi kuma la'adar ciniki yake ci.

Jirgin ƙasa ne ya kawo haya da ƙarfinta. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka yi tasha, kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka kafa rumbuna. Turawa suka yanka Sabon Gari don ma'aikatan da suka zo daga kudu, Tudun Wada kuma ta zama mazaunin 'yan arewa waɗanda ba 'yan birni ba. A nan aka fara gina gidaje masu jerin ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, kowa da kwaɗonsa, kowa yana biya a ƙarshen wata. Wannan fasalin gini shi ne zai jira ɗaliban jami'a bayan shekara saba'in.

Kafin nan sai da boko ya zo da nasa salon. Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921, ta zaunar da su a gidajen ƙasa masu suna Arewa, Kudu, Gabas, Yamma, Illela da Hankaka. Ahmadu Bello ya zauna a can daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949, a 1971 kuma aka raɗa mata suna Barewa. Abin da ta kawo shi ne doka a rubuce da ƙararrawa. Akwai lokacin tashi, akwai lokacin kashe fitila, akwai ranar duba tsabta da za a bi gado-gado a ga shimfiɗa da akwati da farce. Malamin gida ya maye gurbin malamin zaure, firifet ya maye gurbin babban gardi, horo kuma ya zama yankan ciyawa ko sharar fili. Gidajen kwana na Barewa, irin su Bello Kagara da Nagwamatse da Lugga da Ɗan Hausa, suna gasa da juna a wasanni da tsabta, sai ƙazantar mutum ɗaya ta zama abin kunyar gida duka. A wannan fanni makarantar kwana ta yi kusa da zaure fiye da yadda masu kafa ta suka zata, har da ɗabi'ar manya su mayar da ƙanana 'yan aike.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426, kuma da ita ne nauyi ya sauka daga kan ɗalibi kusan gaba ɗaya. Waɗanda suka yi karatu a harabobinta na Samaru da Kongo a shekarun 1960 da farkon 1970 suna ba da labarin ɗaki na mutum ɗaya ko biyu, da masu shara da ke goge ɗaki da banɗaki, da masu wanki da guga, da abinci sau uku a kafiteriya, har da kaza ranar Lahadi. Ƙasa na neman likitoci da injiniyoyi da manyan akawu ruwa a jallo, don haka ta ɗauke musu komai. Abin da aka bar wa ɗalibi kaɗan ne: kada ya yi girki a ɗaki, kada ya kwana da baƙo, kada ya dami masu karatu, ya miƙa makulli ga fota idan zango ya ƙare. Yaron da ya tashi yana share zauren mahaifinsa ya zo ya tarar da dattijo sa'an mahaifin nasa yana share masa ɗaki. Wata ƙila a nan ne aka fara koyon cewa tsabtar wurin kwana aikin wani ne, kuma wannan darasi ya daɗe bayan masu sharar sun tafi.

Daular ba ta yi tsawon rai ba. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin yini, aka kuma sa kuɗin ɗaki naira 90 a shekarar karatu. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a ƙarƙashin Segun Okeowo ta tayar da zanga-zangar neman a tsige kwamishinan ilimi, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibi a Legas, a Samaru kuma sojoji suka harbe wasu. Aka haramta ƙungiyar, shugaban jami'ar na lokacin, Farfesa Iya Abubakar, ya bar kujerarsa a shekarar. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an janye tallafin abinci, kafiteriya ta koma hannun 'yan kasuwa, risho da tukunya suka shiga ɗakunan da aka gina ba tare da madafi ba.

Sai 1986, shekarar da dokar ɗakin kwana ta zama sanadin zubar da jini. A watan Afrilu ɗalibai suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, ayarin ya ratsa ta Amina, masaukin mata da aka hana maza shiga. Hukumar jami'a a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai, rikici ya yi tsami, ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka buɗe wuta a Samaru. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka, aka kafa kwamitin bincike na Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Rikicin ya fi ƙarfin maganar ƙofar masauki, akwai siyasa da talauci da fushin shekaru a cikinsa. Amma abin lura ne cewa tsohuwar iyakar nan ta shigifa, wadda a birni malam ke tsare ta da kalma ɗaya, a jami'a ta kai ga bindiga, domin babu sauran amana tsakanin masu kafa doka da waɗanda ake kafa wa.

Daga nan yawan ɗalibai ya yi ta hauhawa, gini bai bi shi ba. Jami'ar da ta fara da 426 ta haura 40,000. Ɗakunan Danfodiyo da Sulaiman da Akenzuwa da Ribadu da Amina suka cika suka batse. Ɗakin mutum biyu ya koma na huɗu a takarda, na takwas ko fiye a zahiri, domin duk mai gado yana da ɗan raɓe, ɗan raɓen ma wani lokaci yana da nasa. Aka fara sayar da gado a ɓoye, wanda ya samu a kuɗin hukuma ya sayar ninki-ba-ninki ga wanda bai samu ba. Doka ta hana duka biyun, amma fota da ya ga yaro ya zo daga Mubi ko Zuru ba shi da kowa a gari yakan kawar da kai. Illar ita ce ɗan raɓe ba ya cikin rajista, don haka ba a iya tambayarsa komai. Famfo ya karye, kowa ya ce ba shi ba ne. Wayoyin wuta da aka ja don ƙwai ɗaya da fanka suka ɗauki hita da murhun lantarki goma, gobara ta zama abin fargaba a kowane hunturu.

Sauran sai suka fantsama cikin gari: layukan Samaru, Hayin Dogo, Ɗanraka, Zango, Palladan, Bomo, Hanwa. Nan ne ɗalibi ya zama ɗan haya sosai, da rasit a hannu. Dillali ya kai shi, ya karɓi la'adarsa; kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, wani wuri har da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Mai gidan yana Kaduna ko Abuja, kiyateka ne ke zuwa, shi ma sai haya ta kusa ƙarewa. Mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, sunan ɗaya ne kawai a takarda.

Wanda ya shiga irin wannan gida da safe zai ga yadda mutane ke ƙago wa kansu hukuma idan babu ita. A jikin ƙofar banɗaki akwai takarda da aka manna da salatif, an ja layi da biro: ɗaki na ɗaya Litinin, ɗaki na biyu Talata, har zuwa Asabar da kowa zai fito a yashe kwata. Jarkoki sun yi layi a bakin rijiya, kowace da alamar mai ita, kuma idan rani ya tsananta rijiya ta ƙafe sai a koma sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, a raba kuɗin kura. An zaɓi wani, yawanci ɗan ajin ƙarshe ko wanda ya fi haƙuri, ya riƙa tara kuɗin wuta da na kwashe shara. Aikinsa ya fi na kowa wuya, domin ba shi da sanda ba shi da malami a bayansa. Zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, “Malam, saura kai a kuɗin wuta,” a amsa daga ciki, “Wallahi ba a turo daga gida ba tukuna, ka ɗan ƙara haƙuri.” Sau da yawa gaskiya ne. Wani lokaci kuma mai maganar da hita yake dafa wake kullum, katin mita yana ƙarewa a kan kowa.

Rigingimun ba su da yawan iri, maimaita kansu suke yi. Wanda ya bar tukunya kwana uku ba wanki. Wanda ya ari bokiti ya mayar a fashe. Wanda ɗan'uwansa ya zo kwana biyu ya share zango. Wanda ke kunna kiɗa ko janareta daren jarrabawar wani. Wanda ya bar ƙofar gida a buɗe ƙarfe ɗaya na dare, aka wayi gari babu wayoyi babu kwamfuta. A Samaru kuma, inda Musulmi da Kirista daga kowane lungu na Nijeriya ke kwana bango ɗaya, akwai ƙarin abin kiyayewa: mai tashi sahur ya rage ƙarar kwano, masu addu'ar dare su rage murya, kowa ya san abin da zai dafa a madafin tarayya. Gidaje da yawa sun iya wannan zama, har ana aika wa juna abincin salla da na Kirsimeti, kuma abotar da aka ƙulla a kan tukunya ɗaya ta kai wasu har tsufa. Wannan yana cikin mafi alherin abin da jami'ar ta yi wa arewa, ko da yake ba a aji aka koyar da shi ba.

Maƙwabta 'yan gari su ma suna da nasu ƙorafin, kuma yana da tushe. Magidancin da ke tarbiyyar 'ya'yansa ya ga gidan da ke jikin nasa ya koma wurin shige da fice har tsakar dare, ruwan wanki yana kwarara ta ƙofarsa, leda ta toshe magudana. Da, zai je wajen malamin yaro. Yanzu sai ya je wajen mai unguwa, mai unguwa ya nemi mai gida a waya, mai gida ya ce a ba su notis. Ɗalibin da zai bar garin bayan shekara huɗu ba ya jin unguwar tasa ce, kuma nan ne laifinsa yake, domin haƙƙin maƙwabtaka bai san wa'adin haya ba. Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai masu gidajen da ke karɓar kuɗin shekara cif, rufi na yoyo, masai ya cika, ba su gyara ba, sannan su riƙe kuɗin ajiya saboda tsagewar bangon da ta girmi ɗan hayar. Hukuncin da aka karanta a Kona da Juma ya raba wannan tun tuni, sakaci na ɗan haya ne, tsufan gini na mai gida, sai dai da wuya a samu gidan da ake duba ɗaki tare a rubuta halin da yake ciki ranar da aka miƙa makulli.

An ɗan ƙara gini. Gidauniyar Ɗangote ta gina wa jami'ar masauki mai gadaje 2,160, mutum shida a ɗaki, kuma ya rage wa wasu wahala. A kan dubban da ke neman gado kowace shekara, bai isa ya dawo da mutane daga gari ba.

Abin da ya fi fito da raunin tsarin fili shi ne dogayen hutun dole. A 2020 yajin aikin malaman jami'a ya haɗu da annobar korona, aka rufe daga Maris har shekarar ta ƙare. A 2022 aka sake rufewa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas. Ɗalibai sun kulle ɗakuna sun tafi gida da zaton mako biyu ne, damina ta zo ta wuce a kan katifu da littattafai, gara da ɓeraye suka yi aikinsu, haya kuma ta ci gaba da ƙirga kwana. A garuruwan jami'a da dama ƙungiyoyin ɗalibai sun roƙi masu gidaje su sassauta. Wasu sun yafe watanni, wasu sun raba asarar biyu, wasu sun fasa kwaɗo sun tara kayan mutane a baranda sun zuba sababbin 'yan haya. Tsakanin abokan ɗaki ma an sha rigima, domin wanda sunansa ke kan rasit shi ake bi bashi, sauran kuwa wani ya sauya makaranta, wani ya kama sana'a a garinsu, wani ya daina ɗaga waya.